Sai Hali Ya Zo Ɗaya Ake Abota: Tsokaci Kan Zaɓen Kifin Ado Ga Sabon Mai Kiwo A Agege

Gabatarwa

Hausawa kan ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Da yawanmu mun ɗauka wannan karin magana ya tsaya ne a kan 'yan Adam kaɗai, alhali kuwa duk wanda ya taɓa yin kiwo ya san cewa har dabbobi ya shafa. Babu mai hankalin da zai ɗaure akuya a turke ɗaya da kura, ko ya rufe 'yan tsaki a akurki ɗaya da shirwa. Amma abin mamaki, a yau mutane da dama na yin abin da ya yi daidai da haka a cikin ɗakunansu ba tare da sun sani ba. Ina magana ne a kan akwatin gilashin nan da ake cika wa ruwa a zuba ƙananan kifaye masu launi domin ado, wanda masu sayarwa ke kira akwariyam.

A da, sai a manyan otal-otal da gidajen masu hali ake ganin irin wannan akwati. Yanzu kuwa ya shigo unguwanninmu na Agege, ana ganinsa a shagon aski, da wurin saƙar kitso, da falon amarya, har da ɗakunan samari. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin waɗannan akwatuna ba sa yin wata biyu sai ka tarar sun koma wurin ajiye takardu ko takalma, kifayen duk sun mutu. Idan ka tambayi mai akwatin sai ya ce maka ba shi da sa'ar kifi, ko kuwa an sayar masa da marasa lafiya.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, maganar ba ta sa'a ba ce. Mafi yawan kifayen nan tun a ranar da aka saye su aka yanke musu hukuncin mutuwa, domin an zaɓe su ne da ido, an haɗa waɗanda ba za su taɓa zama wuri ɗaya ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin mai son fara wannan kiwo cewa ya ajiye maganar launi a gefe tukuna, ya fara amsa tambayoyi huɗu game da kowane kifi kafin ya ciro kuɗi daga aljihunsa.

Akwatin Kifi Gidan Haya Ne

Duk wanda ya tashi a Agege ya san zaman gidan haya, wato gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, kowa na amfani da banɗaki ɗaya da madafa ɗaya. Tun farkon ƙarni na 20 da fataucin goro ya jawo Hausawa zuwa wannan gari, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, mutane iri-iri ke zama tare a nan, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa da harshensa da abincinsa. Abin da ya sa zaman yake yiwuwa shi ne ɗan Adam yana da baki, yana jin lallashi, idan an yi rigima akwai manyan gida da masu unguwa da za su sasanta, idan kuma abin ya faskara sai mutum ya kwashe kayansa ya nemi wani ɗakin.

Akwatin kifi ma gidan haya ne, sai dai mazauna cikinsa ba su da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. A kogi, idan babban kifi ya kori ƙarami, ƙaramin zai gudu ya ɓuya a cikin ciyawa can nesa. A cikin gilashi mai tsawon santimita 60 kuwa babu wurin gudu. Wanda ake kora yau shi za a kora gobe, har ya daina cin abinci, jikinsa ya yi rauni, cuta ta kama shi. Saboda haka nauyin zaman lafiyar gidan gaba ɗaya yana wuyan mai gida, wato wanda ya zaɓi 'yan hayar.

Tambaya Ta Farko: Ina Girmansa Zai Tsaya?

Kusan duk kifin da ake gani a shago jariri ne. Mai sayarwa ba ya ajiye manya, domin suna cin wuri da abinci. To, a duniyar ruwa akwai doka guda wadda ba ta canzawa: duk kifin da zai iya shiga bakin wani, abinci ne a wurinsa, ko yau ko gobe.

Mu fara da wanda kowa ya sani, wato tarwaɗa, wadda Yarabawa ke kira eja aro. 'Ya'yanta na da araha a Legas saboda yawan masu kiwonta, shi ya sa wasu kan tsoma ɗaya ko biyu a cikin akwatin ado. Amma duk mai kiwon kifi na kasuwa zai gaya maka cewa tarwaɗa kan kai kilo guda cikin wata shida idan tana samun abinci, kuma ko 'yan'uwanta ba ta bari idan ta riga su girma, shi ya sa ake tace su ana raba manya da ƙanana. Wanda ya haɗa ta da ƙananan kifin ado ya ba kura ajiyar nama ke nan.

Haka abin yake ga wasu baƙin kifaye. Oska, wanda asalinsa daga kogin Amazon yake a Kudancin Amurka, ana sayar da shi yana kamar babban yatsa, ga kyau ga wayo, har yakan gane mai ba shi abinci, amma idan ya gama girma yakan kai santimita 30. Fileko, kifin nan mai manne bakinsa a jikin gilashi wanda ake ce wa mutane zai riƙa share musu akwati, irin da aka fi sayarwa yakan kai santimita 40, kuma dattin da yake fitarwa ya fi wanda yake sharewa. Akwai kuma wani mai sheƙi da ake kira shak saboda siffarsa, alhali ɗan'uwan tarwaɗa ne daga kogin Mekong a Asiya, wanda yakan wuce mita guda. Ko anjel ma, mai faɗin jiki da dogayen fukafukai, wanda ake yi wa kallon salihi, idan ya girma yakan riƙa tsince ƙananan tetra irin niyon ɗaya bayan ɗaya, domin su ba sa wuce santimita 4.

Idan mai karatu na ganin abin wasa ne, to ya dubi abin da ya faru a tafkin Biktoriya da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a cikin tafkin, kifin nan da masunta ke alfahari da kama shi a bikin Argungu, da nufin bunƙasa sana'ar su. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma ana ƙiyasta cewa iri kusan 200 na ƙananan kifayen da babu su a ko'ina a duniya sai can suka ɓace. Idan tafkin da ya fi kowane girma a Afirka bai ceci ƙananan kifaye daga babba ba, ina ga akwatin da bai wuce jarka biyu ba?

Tambaya Ta Biyu: Mene Ne Halinsa?

Ba girma kaɗai ke kawo fitina ba. Akwai kifayen da ƙanana ne amma kyan ɗan maciji gare su. Babban misali shi ne beta, mai dogon wutsiya kamar mayafi, wanda ya fito daga ƙasar Tailan. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa domin haɗa shi faɗa, kamar yadda ake haɗa zakaru ko raguna, kuma a 2019 suka ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Maza biyu na beta ba sa zama akwati ɗaya, sai ɗaya ya illata ɗaya. Hasali ma namijin yakan far wa duk kifin da ya gani da doguwar wutsiya mai launi, domin yana zaton kishiyarsa ne.

Sai kuma bab mai zanen damisa, ɗan asalin Indonesiya, wanda aikinsa shi ne yagar fukafukan wasu. Idan aka haɗa shi da anjel ko beta ko gupi, cikin 'yan kwanaki za a ga wutsiyoyinsu sun yi kaca-kaca kamar tsumma, daga nan sai cuta ta shiga ta wurin raunin. Karfasa da danginta su kuma masu kama wuri ne, musamman idan lokacin yin ƙwai ya zo. Namijin zai tona rami a cikin yashi, ya tumɓuke duk wata ciyawa, ya kori duk wanda ya matso. Hali zanen dutse ne, ba a koya wa kifi tarbiyya. Wanda ya sayi mafaɗaci da fatan zai shiryu idan ya saba da 'yan'uwansa, yana ɓata lokacinsa ne kawai.

Tambaya Ta Uku: Wane Irin Ruwa Yake So?

A nan ne nake ganin shawarwarin da ake samu a intanet ke yaudarar mutanenmu, domin yawancinsu an rubuta su ne saboda mazauna Ingila da Amurka, inda matsalarsu ita ce sanyi. Mu a Legas matsalarmu zafi ce. Ruwan da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano a Agege yakan kai digiri 28 zuwa 30, musamman a watannin Fabrairu da Maris. Saboda haka mu ba ma buƙatar hita, sai dai wanda zai tafi da akwatinsa Kano ko Zariya ko Jos, inda daren hunturu kan sanyaya ruwa ƙwarai.

Kifin da aka fi saye a nan, wato kifin zinariya, shi ne wanda wannan zafi ya fi cutarwa. Mutanen Sin ne suka fara kiwonsa fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 23. Ga shi da yawan ci da yawan kashi, ga shi yakan kai santimita 20 ko fiye, kuma idan ya sami kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 20. Wanda ya sa shi a 'yar ƙaramar kwalba ya mutu cikin mako uku bai kamata ya ce ajalinsa ne ya zo da wuri ba. Haɗa shi da kifayen ƙasashe masu zafi zaman doya da manja ne: abin da ya yi wa wannan daɗi shi ke cutar da wancan. Ko tetra niyon ma, duk da daga Amazon yake, ya fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba, don haka ba shi ne ya fi dacewa da ɗakunanmu ba.

Bugu da ƙari, ruwan zafi bai riƙe iskar shaƙa kamar ruwan sanyi. Lita guda ta ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, amma a digiri 30 sai ta sauko zuwa wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Sai a haɗa wannan da matsalar wuta. Har gobe cewa muke yi Nepa ta ɗauke, duk da an canza sunan tun 2005, an kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, ba kowa ne zai tayar da janareta saboda kifi ba. Idan wuta ta tafi, filta da injin hura iska duk sun tsaya. A irin wannan dare, akwatin da aka cunkusa wa kifi shi ne za a wayi gari a ga suna yawo a sama ciki a buɗe. Don haka mai farawa a Agege ya rage yawan kifi ƙasa da abin da littattafai suka ce, ya nemi ɗan injin iska mai batir, ya kuma fifita kifayen da Allah Ya ba su hanyar shaƙar iska daga saman ruwa, irin su gurami da kori.

Shi kansa ruwan da muke amfani da shi ba iri ɗaya ba ne. Wanda gidansu ke samun ruwan famfo na gwamnati, irin wanda ake tacewa a Iju kusa da mu, inda aka buɗe matatar tun 1915, ya sani cewa akwai sinadarin kulorin a ciki, wanda ke ƙona matsatsin numfashin kifi. Dole a ɗiga maganin da ke kashe shi, ko a bar ruwan a buɗe ya kwana biyu. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa a sassa da dama na Legas yakan zo da tsami-tsami, wani ma da ƙarfe a ciki har ya yi ja idan ya kwana. Wanda kuma ke saye daga mai ruwa, ya tabbatar jarkar ba ta taɓa ɗaukar kananzir ko sabulu ba, kuma ya tsaya a kan rijiya ɗaya, domin sauya ruwa kwatsam na girgiza kifi. Akwai ɗan abin gwaji mai araha da ke nuna ma'aunin pH, inda 7 ke tsaka-tsaki. Gupi da filati da moli sun fi son 7 zuwa 8, tetra da rasbora kuwa sun fi son 6 zuwa 7. Ya fi sauƙi mutum ya gwada ruwan unguwarsu ya zaɓi kifin da ya dace da shi, a kan ya sayi kifi sannan ya fara fama da sauya ruwa.

Tambaya Ta Huɗu: Shi Kaɗai Yake Zama Ko Cikin Garke?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen ɗaya daga wannan, biyu daga wancan, har a tara iri takwas a leda guda, wai don akwati ya yi kala-kala. Amma tetra da rasbora da daniyo da kori duk 'yan garke ne, kamar tumaki. Idan ba su kai shida ba sai tsoro ya kama su, launinsu ya dushe, su maƙale a lungu. Hatta bab ɗin nan mai yagar wutsiya yakan rage ɓarna idan suna da yawa, domin sai su shagala da junansu. Iri biyu ko uku masu yawa sun fi iri takwas 'yan ɗaiɗaiku kyan gani, sun kuma fi su tsawon rai.

Haka kuma a lura da inda kowane kifi ke zama. Wasu na saman ruwa ne kamar gurami da daniyo, wasu na tsakiya kamar rasbora, wasu na ƙasa kamar kori. Idan aka raba su haka, sai ya zamo zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa, babu mai shiga sabgar wani.

Akwai kuma maganar haihuwa. Gupi, wanda aka sa wa sunan wani Bature mai suna Robert Guppy da ya aika da shi Landan daga tsibirin Tirinidad a 1866, ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake yi. Macen takan haihu kusan duk wata, 'ya'ya 20 zuwa 40 ko fiye. An baza shi a ƙasashe da yawa domin ya riƙa cin tsutsar sauro, har ma ana samunsa a kwatocin Legas, abin da ke nuna juriyarsa. Wanda ba ya son akwatinsa ya cika cikin wata uku, ya sayi maza zalla, su ne ma masu launin. Wanda kuma ke son ya ga haihuwa, ya sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, don kada mazan su gajiyar da mace ɗaya da bi.

To, Da Wanne Za A Fara?

Da farko a san girman akwatin. A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, wato jarkar mai ruwa biyu da 'yan kai. Ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya sayi ƙasa da haka ba, domin ƙaramin ruwa ya fi saurin ɓaci da saurin ɗaukar zafi. A kuma tuna kowace lita kilo guda ce, kada a ɗora shi a kan teburin da zai karye.

A irin wannan akwati mai lita 54, ni shawarata ita ce mazan gupi shida, ko filati biyar, shi ke nan. Idan ruwan unguwar mai tsami ne, to rasbora takwas da ɗan ƙaramin gurami guda ɗaya. Wanda ya sami akwati mai lita 100 ko fiye, zai iya haɗa rasbora takwas a tsakiya, kori shida a ƙasa a kan yashi mai laushi, da gurami mai ɗigon lu'ulu'u guda biyu a sama. Wanda kuma beta ya shiga ransa, ya ba shi ɗakinsa shi kaɗai, kamar lita 20, ya huta da rigima.

Kuma ko da an yi zaɓi mai kyau, kada a zuba su rana ɗaya. Kashin kifi na rikiɗa ya zama guba mai suna amoniya. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin soson filta, su ne ke mayar da amoniya ta zama nitrait, sannan ta zama nitret wanda cutarwarsa kaɗan ce, wanda ake ragewa ta hanyar canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Waɗannan ƙwayoyi na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa, shi ya sa sabon akwati ke kashe kifi. A kunna filta, a riƙa jefa ɗan abincin kifi a ruwan har tsawon wannan lokaci, sannan a kawo garke ɗaya, bayan mako biyu a ƙara wani. Abincin da za a ba su kada ya wuce wanda za su cinye cikin minti biyu, kuma ban da burodi, ko da na Agege ne. Idan za a fesa maganin sauro a ɗaki, a rufe akwatin ruf a kashe injin iska, domin wannan magani guba ne mai ƙarfi ga kifi.

Namu Na Gida Fa?

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke rububin kifin Sin da na Amazon, alhali kifayen kogunanmu ana fita da su Turai da Amurka ta filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja, nan kusa da mu. Kiribensis, wanda masu kiwo a duniya suka daɗe da sani, ɗan kudancin Nijeriya da Kamaru ne, kuma daga yankin Neja Delta aka samo wanda masanin nan George Boulenger ya yi bayaninsa a 1901. Bai cika wuce santimita 10 ba, macen na da jan ciki mai ban sha'awa, kuma ya saba da yanayinmu. Namiji da mace guda za su zauna lafiya a akwati mai lita 100 tare da rasbora ko daniyo, idan aka kifa musu ɓarin kwakwa ko 'yar tukunya su mayar da ita ɗaki. Sai dai kada a haɗa su da kori, domin dukkansu 'yan ƙasa ne, kuma kiribensis ba ya ɗaga ƙafa idan yana gadin 'ya'yansa.

Amma fa kishin ƙasa ba ya soke tambayoyin nan huɗu. Kifin nan mai dogon haɓa kamar hancin giwa da dare yake kiwo, kuma yana da wuyar ciyarwa. Kifin malam-buɗe-littafi, mai shawagi a saman ruwa, yana tsalle ya faɗo waje, yana kuma haɗiye ƙanana. Ƙurungu yakan girma fiye da ƙaramin akwati, minjirya kuwa ba sai an faɗa ba. Waɗannan a bar wa waɗanda suka ƙware.

Ga Masu Cewa Ai Kifi Ne Kawai

Na san wani zai ce, a wannan marra da ake fama da abin sawa a baka, wa ke da lokacin damuwa da halin kifi? Idan ya mutu ba sai a sayi wani ba? Amsata biyu ce. Ta farko, tsadar rayuwar ita ce ma babban dalilin da zai sa a yi hattara, domin wanda ya sayi kifi sau uku suna mutuwa ya kashe kuɗin da ya fi na wanda ya tsaya ya yi tambaya sau ɗaya. Ta biyu kuwa, rai ne. Sanannen abu ne a hadisi cewa an yi wa wata mace azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rauni, domin ko kuka ba ya iya yi. Babu wanda ya tilasta mana kiwonsa, amma daga ranar da muka rufe shi a ɗakinmu ya zama amana. Haka nan yaran gida suna kallo. Yaron da ya saba ganin ana kwashe matattun kifi duk mako ana zubarwa ana sayo wasu, wane darasi yake koya game da darajar rai?

Kammalawa

Daga ƙarshe, ina kira ga masu sayar da kifin ado da su ji tsoron Allah su riƙa gaya wa mai saye gaskiya. Wanda ka hana shi sayen oska yau domin akwatinsa ƙarami ne, shi ne zai dawo maka gobe da abokansa, wanda kuwa kifinsa suka mutu ya bar sana'arka har abada. Ina kuma kira ga wanda kifinsa ya fi ƙarfin akwatinsa da ya mayar wa mai shago ko ya ba wani mai babban wuri, kada ya juye shi a kwata ko a kogi, domin darasin tafkin Biktoriya ya ishe mu.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aikin da ke jiranmu a nan. Mai karatu zai lura cewa sunayen kifaye da yawa da na ambata aro ne, alhali masunta da masu sayar da busasshen kifi a kasuwanninmu suna da sunaye masu yawa da ba su shiga littattafan da muke karantawa ba. Tattara waɗannan sunaye, da rubuta 'yar takardar bayani cikin Hausa mai sauƙi wadda za a manna a shagunan kifi na Agege da Idi-Araba da Mile 12, aiki ne da ɗalibi zai iya yi a matsayin kundin kammala karatu, kuma jama'a su amfana. Kafin nan, duk wanda zai je sayen kifi ya tafi da tambayoyinsa huɗu: girma, hali, ruwa da garke. Idan mai shago ya kasa amsawa, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya dawo wata rana. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.